Sunan da Ya Suɓuce a Gaban Leburori

Ranar da suka fara haɗuwa, a fusace take.

Da ƙarfe takwas na safe Manaja ya tara ma'aikata a gindin benen da ake ginawa, don ya gabatar da sabon mai awon da kamfani ya ɗauko. Ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya: wannan Injiniyan lantarki, wancan Injiniyan ruwa, ga Heluma shugaban leburori. Da ya iso kanta sai ya washe baki.

"Wannan kuma 'yar ƙanwata ce. Ita ke duba mana kankare. Bebi, gaida baƙo mana."

Shekara biyar ta yi tana karatun injiniya, shekara biyu tana aiki a nan. Babu ginshiƙi ɗaya a benen da aka zuba ba tare da sa hannunta ba. Amma kowane namiji an kira shi da aikinsa, ita kuwa Bebi, alhali ba ta haɗa dangi da Manaja ba. Ta haɗiye abin kamar yadda ta saba.

Baƙon dogo ne, siriri, yana saɓe da na'urar awo mai ƙafa uku. Ya sauke ta a hankali, ya ɗan rusuna.

"Barka da aiki, Injiniya. An ce mini sai kin amince kafin in fitar da layin hawa na huɗu. Yaushe za ki samu lokaci?"

Hular kwanon da kamfani ya ba ta ta maza ce, kullum tana zamo mata har ido. Ta tura ta baya don ta ga mai maganar sosai. Ba murmushin rainin wayo a fuskarsa, amsa kawai yake jira.

"Bayan ƙarfe goma," in ji ta.

Ta koma kwantenar da take ofishinta, ta zauna, ta rasa dalilin da ya sa "Injiniya" ɗin da ya ce mata ta tsaya mata a rai haka. Kalma ɗaya ce fa, kuma haƙƙinta ce. Amma wanda ya daɗe da ƙishi, ko kofi ɗaya aka miƙa masa ba ya mantawa da mai hannun.

Don a san irin ƙishin, bari in lissafa. Injiniyan lantarki "Amarya" yake ce mata, alhali ko saurayi ba ta da shi. Mai sito "'yar fara". Direbobi "ƙanwata". Wani ɗan kwangila mai tumbi kuwa "yarinyar nan", a gabanta, yana nuna ta da mukullin mota. Sau biyu tana kai kuka wurin Manaja, sau biyu yana dariya.

"Haba, ƙauna ce fa. Ke ba ki san wasa ba?"

Ta san wasa sarai. Abin da ta fi sani shi ne, duk ranar da aka kira ta Bebi da safe, in ta ce a tsaya da rana sai leburori su waiga su nemi wani namiji ya tabbatar musu. Da ƙyar da jiɓin goshi ta kai Heluma ga fara cewa, "Injiniya ta ce a dakata." Wannan 'yar jimlar ita ce duk abin da ta tara a shekara biyu.

Safiyo, kamar yadda kowa ke kiran mai awon, bai yi gaggawa ba. Da farko aiki ne kawai: ya kawo takarda, ta duba, ta sa hannu. Sai ya zama takardar da za a gama cikin minti biyu tana cin rabin awa. Wata rana ya shigo ba ta nan, ya ɗauki hularta, ya liƙa mata soso ta ciki, ya ɗaure maɗaurin. Da ta saka ta zauna daram. Da yamma saƙonsa na farko ya shigo.

"Injiniya, na yi shisshigi a kan hularki. Na gaji da ganin rabin fuskarki, gaba ɗayanta nake so in riƙa gani. In laifi ne a yafe mini."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta:

"Laifi ne babba. Hukuncinka ka kawo shayi gobe, ba sukari da yawa."

Daga nan sai abin da ya ci gaba. A waya ya raɗa mata suna, 'Yar Hula. Ita da ta tsani sunayen banza kamar mutuwarta, wannan sai ta ji ya yi mata daɗi har cikin ƙashi, domin nata ne ita kaɗai, kuma sai da ya tambaya.

"Zan iya kiranki haka?"

"A waya kawai. A wurin aiki ka san sunana."

"Na sani, ranki ya daɗe."

Kowace safiya kafin ta fito sai ta tarar da saƙo. "'Yar Hulata, na auna duk filin nan ban ga inda ya kai kusa da ke daɗin tsayuwa ba." Ita kuma ta mayar: "Dogona, ka rage zaƙin baki, ka zo da wuri, layin gabas ya karkace." Wata shida suna haka. Ta gaya wa Umma, Umma ta gaya wa Baba, aka sa masa ranar Asabar ya zo ya gaida su.

Saura kwana uku Asabar ɗin abin ya faru.

Motar kankare ta makara awa biyu a hanya, rana kuma ta take. Direba ya ga kayan sun fara daskarewa, ya ƙara ruwa a ɓoye. Injiniya ta ɗebi kaɗan ta cika mazubin gwaji, ta ɗage shi. Maimakon kankaren ya tsaya da kansa, sai ya baje a ƙasa kamar taɓo.

"Ba za a zuba wannan ba," ta ce. "A mayar da motar."

Leburori talatin na tsaye da baro, tun safe suke jira. Direba ya hau rantse-rantse. Manaja ya taho da sauri yana share gumi, yana cewa aiki ya riga ya yi baya da mako guda.

"Bebi, ki duba mana da idon rahama."

"Ginshiƙi ba ya ɗaukar bene da rahama, Yallaɓai. Na ce a mayar."

Heluma ya ɗaga hannu ya tsayar da mutanensa. Ta ci nasara, saura kawai motar ta juya. Muryarta dai ta dishe, gumi na zuba ta ƙarƙashin hula. A daidai lokacin Safiyo ya sauko daga hawa na huɗu, ya gan ta a haka, tausayi ya kama shi. Ya miƙo mata gorar ruwa.

"Haba 'Yar Hulata, kwantar da hankalinki. Sha ruwa tukuna."

Sai wani daga baya ya ce, "'Yar me?" Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Manaja ya fi kowa.

"To kun ji! Mai ita ma ya ce ta kwantar da hankalinta. Heluma, ku zuba."

Heluma ya dube ta, ya dubi Manaja, ya dubi Safiyo, sannan ya sauke hannunsa. Tana tsaye, tana faɗa, ba mai jin ta, aka cika ginshiƙai uku. Abin da ta iya kawai shi ne ta ɗebi samfuri a 'yan akwatunan gwaji, ta rubuta kwanan wata, ta wuce kwantena ta rufe ƙofa.

Saƙonsa ya riga ta isa gida.

"Ki yi haƙuri, suɓutar baki ce. Amma ni fa ban ce a zuba ba. Tausayinki na ji."

"Na sani ba ka ce ba. Ba sai ka ce ba."

"Haba masoyiya, so ne fa ya kawo haka. Don suna ɗaya za ki yi wannan fushin?"

So ne. Ƙauna ce. Ashe duk bakinsu ɗaya.

"Manaja ma haka yake cewa. Kada ka zo ranar Asabar."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba.

Magana zarar bunu ce. Washegari ta tarar an rubuta 'YAR HULA da alli a ƙofar kwantenarta. In ta wuce sai ta ji ana rera shi ƙasa-ƙasa a bayanta. Mai sito ya daina "'yar fara", ya koma sabon yayi. Heluma kansa, mutumin kirki, sai ya riƙa kauce wa idonta. Abin da ta gina a shekara biyu ya rushe a rana ɗaya, kuma ba maƙiyi ne ya rushe shi ba. Wannan ne ya fi ƙona mata rai.

Manaja kuwa ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Tuzuru ne da ya daɗe yana zagaye, sai ya kira ta ofis, ya kunna mata fanka.

"Kin ga abin da yaron nan ya ja miki. Rana ma ba ta dace da fatarki ba. Ki dawo ofis kusa da ni, ki huta. In kin yarda ma, ni da kaina sai in je in ga Baba."

"Yallaɓai, shekara biyu kana ce mini ƙanwa. A ina ka taɓa ganin an auri ƙanwa?"

Ta yi ficewarta.

A gida Umma ta yi ta lallashi. "Ke kin cika zafi. Yaron nan mai hankali ne, baki ne ya suɓuce masa. Ni wane suna ne babanki bai kira ni da shi ba?"

"A gaban leburori talatin, Umma?"

Baba na zaune a baranda da rediyonsa, ashe yana ji. Ya kashe rediyon.

"Uwata, zo nan."

Haka yake kiranta tun tana goye. Ta durƙusa kusa da shi, ta ba shi labari daga farko, da ta kai wurin da Heluma ya sauke hannu sai kuka ya ƙwace mata. Da ta gama, sai Baba ya yanke hukunci.

"A gaya masa kada ya tako mini gida. Ban da 'yar da zan ba wanda bai san inda ake ajiye harshe ba."

Umma ta ce, "Malam, abin bai kai nan ba."

"Ya kai, ya wuce."

Ita Injiniya da ta ji an yanke hukuncin da bakinta ya fara, sai ta ji ba haka ta so ba. Fushi take yi da shi, amma ba ta daina son sa ba ko na minti ɗaya. Kowace safiya sai ta duba waya, ta tarar da saƙo ta ƙi amsawa, in kuma ya makara ta ji haushi.

A kwana na bakwai aka sa samfurin a injin matsa. Bai kai ko rabin ƙarfin da ake buƙata ba ya farfashe. Ta rubuta rahoto, ta aika hedikwata, kafin la'asar umarni ya dawo: a rushe ginshiƙan uku. Manaja ya karanta takardar a gaban kowa, ya ce, "To, 'yar ƙanwata ta yi sa'a." Sa'a fa.

Kwana biyu ana fasa kankare. Safiyo na tsaye a cikin ƙurar yana kallon leburori na farfasa abin da suka zuba da guminsu, rodi na fitowa a lanƙwashe. A kan waɗannan ginshiƙai za a ɗora hawa biyar, mutane su zauna da 'ya'yansu. Sai a lokacin ya gane ba suna ɗaya ba ne. Ya rubuta mata:

"Injiniya, yau na ga abin da bakina ya yi. Ba zan ƙara cewa so ne ba. Zan je wurin Baba ko da zai kore ni."

Ba ta amsa ba, amma ta gaya wa Umma, Umma kuma ta san yadda ta yi Baba ya zauna a gida ranar Lahadi da yamma.

Safiyo ya zo cikin fararen kaya, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Baba bai ɗago daga jaridarsa ba.

"Kai yaro, matsar da takalman nan daga hanya."

Ya matsar.

"Yaro, miƙo mini tabarau. Ba wannan ba, kai yaro, wancan."

Ya miƙa.

"Me ma ka ce kana yi, yaro? Riƙe wa masu gini igiya?"

"Awon ƙasa nake yi, Baba."

"To, to. Yaro mai ƙoƙari."

Kusan awa guda ana haka. Injiniya na bayan labule tana jin komai, kunya kamar ta nutse. Safiyo mai shekara talatin da ɗaya, wanda ke da mutane a ƙarƙashinsa, ya yi tsuru-tsuru, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Can Baba ya naɗe jarida ya cire tabarau.

"Yaya ka ji?"

"Ba daɗi, Baba."

"Na zage ka?"

"A'a."

"Awa ɗaya ke nan. Ni shekara talatin da biyu na yi ina masinja. Na shiga da baƙin gashi na fito da furfura, sunana bai canja ba: kai yaro. Waɗanda na isa in haifa ma haka suke kirana, suna murmushi, ba da mugunta ba. In na faɗi abu daidai sai an tambayi wani. Shi ya sa na rantse 'yata za ta yi karatun da za a kira ta da abin da ta iya. Ta yi. Sai kai, da take ganin ka fi su, ka tsaya a tsakiyar mutane ka mayar da ita abin wasa."

Safiyo ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Na yi kuskure, Baba. A gaya mini abin da zan yi."

"Ni ba ni ka yi wa ba. Kuma ba a nan ka yi ba."

Ranar Litinin, a taron safe, Manaja na gama bayani Safiyo ya fito tsakiya ya cire hularsa.

"Jama'a, ina da magana. Ranar nan Injiniya ta ce kada a zuba, ta fi mu duka gaskiya, kun gani da idonku. Ni na sa kuka yi dariya har aka ƙi jin ta. Sunan da na faɗa ba nawa ba ne in faɗa a nan, ba naku ba ne ku maimaita." Ya juyo gare ta. "Injiniya, a nan na ɓata, a nan nake roƙo. Ki yafe mini."

Wasu suka fara ƙunshe dariya. Heluma ya daka musu tsawa, ya tako gaba.

"Ni ma da nawa laifin. Ni na sauke hannu. Injiniya, a yi haƙuri." Ya ɗauki tsumma da kansa ya nufi ƙofar kwantena.

Ta so ta yi dogon jawabi, ta ma tanade shi kwana goma sha biyu. Amma da ta ga dogon mutumin nan tsaye ba hula, rana na dukan kansa, sai duk ya gudu.

"Na ji. Safiyo, mayar da hularka, doka ce. Kowa ya kama aiki."

Kafin ta kai kwantena ta tura masa saƙo: "Dogona, na yafe. Amma ka sake, da injin fasa kankare zan biyo ka."

"'Yar Hu... Injiniya. Na gode. Wallahi na gode."

"A waya an yarda, sarkin tsoro."

Kada mai karatu ya ɗauka duniya ta gyaru. Leburori ba sa barin bashin dariya, sai suka juya kansa: daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa Safiyo, sai Mijin Injiniya, tun ma ba a sa rana ba. Ya zo mata da ƙorafi, ta ce, "Haba, ƙauna ce fa." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, daga baya ta kai.

Manaja kuwa da ya ji an sa rana sai ya samu sabon suna. Ya hango ta daga nesa.

"Amaryarmu!"

Ta ci gaba da tafiya.

"Bebi! Ƙanwata!"

Ta yi kunnen uwar shegu, tana duba takardunta. Ma'aikata sun tsaya suna kallo. Ya yi gyaran murya, kamar mai haɗiyar magani.

"Injiniya."

"Na'am, Yallaɓai?"

Washegari ya manta, ta sake yi masa haka. Har yau yakan manta, har yau takan wuce. Abin da gajiya, amma ta daina haɗiyewa.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Gidan ya cika, Umma na ta kai da komo tana share hawaye da gefen mayafi. Da hantsi sai ga motar kamfani ta tsaya a ƙofa, leburori suka diro cikin wankakkun kaya, har da ƙyar ake gane su ba ƙurar siminti. Heluma na gaba. Ya dubi dattawan da ke zaune a baranda, ya ɗaga murya.

"Salamu alaikum. Don Allah wane ne Baban Injiniya? Mun zo mu kwashi gaisuwa."

Baba ya waiga bayansa yana neman wanda ake nufi. Sai da ango ya taɓa gwiwarsa a hankali ya ce, "Baba, kai ake nema."

Mutum talatin suka zube a gabansa. Tsohon ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga. Amarya na kallo ta taga, ta yi kuka har kwalliyarta ta ɓaci, ba wanda ya hana ta.

Da ya natsu, ya sa aka kira ta. Ya kama hannunta ya ɗora a kan na mijinta.

"Ga ta nan, na ba ka da zuciya ɗaya. Ku riƙe mutuncin juna a ɗaki, ku riƙe shi a gaban mutane. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Leburori suka amsa da amin da ƙarfin da har maƙwabta suka leƙo.